Ba sai sun ji muryarka ba, sawunka ya ishe su

Assalamu alaikum warahmatullah. Na gode wa waɗanda suka shirya zaman nan, na kuma gode muku da haƙurin jira. Kafin mu shiga, dan Allah kowa ya taɓa aljihunsa ya ji wayarsa. To ita zamu yi magana a kai yau, ita da masu leƙa ta.

Ranar 12 ga Maris 2013, a majalisar dattawan Amurka, wani sanata Ron Wyden ya tambayi James Clapper, wanda shi ne shugaban duk hukumomin leƙen asirin ƙasar a lokacin, ya ce masa shin hukumar NSA, wato hukumar Amurka mai leƙen hanyoyin sadarwa, tana tara bayanai kan miliyoyin Amurkawa? Clapper ya ce a'a, ba da gangan ba dai. Wata uku bai cika ba, farkon watan Yuni, sai jaridar Guardian ta Ingila ta buga wata takardar kotu ta sirri da ta umarci kamfanin waya na Verizon ya riƙa miƙa wa NSA bayanan kiran mutanensa kullum kullum, ba na masu laifi ba fa, na kowa da kowa. Kashegari sai ga labarin PRISM, shirin da ake karɓar saƙonni da hotuna da imel daga manyan kamfanoni irin su Microsoft da Google da Facebook da Apple da Yahoo. Ranar 9 ga Yuni wanda ya fitar da takardun ya bayyana fuskarsa daga wani ɗakin otal a Hong Kong, yaro ne ɗan shekara 29, Edward Snowden, ma'aikacin kwantiragi ne da kamfanin Booz Allen Hamilton a Hawaii, ba janar ba, ba darakta ba, mai kula da kwamfutoci ne kawai.

Da abin ya fashe, amsar da hukuma ta riƙa bayarwa ita ce ai ba ma sauraron hirarku, lambobi kawai muke tarawa. Kuma ina so in daɗe a nan domin nan ne ake yaudarar mutane. Abin da suke tarawa ni ina kiransa sawun kira: wa ka kira, ƙarfe nawa, minti nawa kuka yi, sau nawa a sati. Ku ɗauki mace guda. Ƙarfe 2 na dare ta kira yayarta, sun yi minti 50. Da safe ta kira asibiti. Da azahar ta kira wani lauya, bayan nan ta sake kiran yayar, kuma kwana 10 ke nan lambar mijinta bata fito a wayarta ba. Ba wanda ya ji kalma ɗaya daga bakinta, amma ku faɗa min tsakani da Allah, akwai wanda ke zaune a nan da bai gane halin da take ciki ba? To ka haɗa wannan na shekara 5, na mutum miliyan ɗari, ka bai wa kwamfuta ta jera, ta san abokinka ta san likitanka ta san ɗan jaridar da ka kira a ɓoye. Michael Hayden, wanda ya taɓa shugabantar NSA da CIA duka biyun, da bakinsa ya faɗa a 2014 cewa da irin wannan bayanan suke kashe mutane. Shi ya san darajar sawun.

Na san akwai mai cewa a ransa, malam ni ba ɓarawo ba ne, ba ɗan ta'adda ba ne, su duba mana. Ɗan uwa, ɗakin kwananka akwai ƙyaure ko babu? Laifi kake aikatawa a ciki? Sirri ba maɓoyar laifi ba ce, sutura ce, kamar riga. Ayar nan ta 12 a Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin mutane, ba ta ce sai masu laifi za a kare ba. Haka sashe na 12 na kundin haƙƙin ɗan Adam na duniya na 1948 ya hana kutsawa cikin gidan mutum da wasiƙunsa haka kawai. Sannan kuma, wa yake yanke hukuncin mene ne laifi? Ba kai ba ne. Mai riƙe da fayil ɗinka ne.

Tarihin Amurka da kanta ya nuna wannan. Hukumar FBI ta bi Martin Luther King, jagoran fafutukar haƙƙin baƙar fata, tana dasa masa na'urar ɗaukar murya a ɗakunan otal, har a 1964 suka aika masa wasiƙa babu suna, mai neman tura shi ya kashe kansa. NSA kuma tana da wani jerin sunaye na waɗanda take saurare, a ciki akwai King ɗin, akwai ɗan dambe Muhammad Ali, akwai ma sanata Frank Church, mutumin da daga baya ya jagoranci kwamitin da ya binciki wannan ɓarna a 1975. Binciken nan ne ya haifar da dokar FISA ta 1978, mai tsara yadda ake leƙen asiri, da kotunta, don a sa wa masu leƙe linzami. Amma kotun a sirri take zama, kusan ko yaushe lauyan gwamnati kaɗai take ji, kuma bayan harin 11 ga Satumba 2001 da aka yi dokar Patriot, sai aka ɗauki sashe na 215 aka yi masa wata fassara a ɓoye wadda ta ce duk kiran kowa yana da alaƙa da binciken ta'addanci. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai wallahi. Gwamnati ta riƙe sirrin yaƙi ba abin mamaki ba ne, amma a ce ita kanta ma'anar dokar da ake mulkarka da ita sirri ce? Ta ina zaka kai ƙara kan abin da ba a yarda ka san yana nan ba?

Kuma ya yi amfani? A Janairun 2014 hukumar sa ido kan haƙƙin sirri, wadda gwamnatin ce ta kafa ta, ta ce bata samu ko sau ɗaya ba da tara kiran nan ya kawo wani canji na gaske a binciken ta'addanci. Irin haka ne a New York, inda 'yan sanda suka kafa sashe na musamman yana bin masallatai da wuraren zaman Musulmi da ƙungiyoyin ɗalibai, kamfanin labarai na AP ya tona a 2011, daga baya babban jami'insu ya amsa a rantsuwa cewa sashen bai taɓa samar da ko bakin zaren bincike guda ba, aka rufe shi a 2014. Amma ɓarnar ta riga ta auku, mutum yana sahu yana zargin na kusa da shi. Akwai kuma ma'aikatan NSA da aka kama suna amfani da kayan aikin hukuma suna leƙen matansu da 'yan matansu, hukumar da kanta ta amsa an yi hakan. Mutane ne ke zaune gaban na'urorin nan, masu kishi da son rai irin na kowa.

Ba Amurka kaɗai ba. Hukumar leƙen asiri ta Ingila mai suna GCHQ tana tatsar manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, suna raba abin da suka samu su biyar, da Kanada da Ostireliya da New Zealand. Wayar Angela Merkel ta Jamus bata tsira ba, Dilma Rousseff, shugabar Brazil a lokacin, ta fasa ziyarar Washington saboda fushi. Kuma mu sani, duk ɗan kariyar da ake faɗa a dokokinsu na 'yan ƙasarsu ne, wanda ba ɗan ƙasa ba kuma yake waje, kusan a buɗe yake.

To shi Snowden gwarzo ne ko maci amana? Ni dai ga inda na tsaya. Sirri iri biyu ne, akwai mai kare rai, kamar sunan wanda ke aiki a ɓoye cikin abokan gaba, wanda ya fallasa wannan ya ɗauki alhakin jini, shi ya sa ban goyi bayan yadda WikiLeaks, shafin intanet mai fallasa takardun sirri, ta saki wasu takardu da sunayen mutane a ciki ba. Akwai kuma sirri mai rufe kunyar masu mulki. Daniel Ellsberg a 1971 ya fitar da takardun Pentagon da suka nuna an daɗe ana yi wa jama'a ƙarya kan yaƙin Vietnam, wannan na biyun ne. Snowden 'yan jarida ya bai wa takardun su tace, Glenn Greenwald da Laura Poitras da Barton Gellman. Masu sukarsa suna cewa ya kwashi abin da ya wuce batun haƙƙin jama'a nesa, kuma ya ƙare a hannun Rasha wadda ita ma gwanar leƙe ce, har ta ba shi takardar ɗan ƙasa a 2022, maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai a tuna Amurka ce ta soke fasfonsa, ya yi kusan kwana 40 a filin jirgin Mosko, kuma dokar 1917 da ake tuhumarsa da ita bata ba mutum damar ya ce wa kotu na yi ne don amfanin jama'a. A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce tara kiran nan ya saɓa doka, majalisa ta sauya dokar a Yunin shekarar, wata kotun ta sake cewa haramtacce ne a 2020. Shi Clapper ba a taɓa gurfanar da shi ba. Jaridar Guardian kuwa, jami'an GCHQ suka tsaya a kan editocinta a ƙasan ginin suna farfasa kwamfutocin da takardun ke ciki.

Wani zai ce ai yanzu WhatsApp a kulle yake tun 2016, daga kai sai wanda ka aika wa. Gaskiya ne kuma ci gaba ne, ku yi amfani da irinsu, ku riƙa sabunta wayoyinku. Amma kullen ya rufe abin da ka faɗa ne, bai share sawun ba. Ga kuma shirin leƙen waya mai suna Pegasus na kamfanin NSO na Isra'ila, wanda gwamnatoci ke saye, yana iya shiga waya ba tare da ka danna komai ba, ya karanta saƙon a kan allonka, ya kunna makirfo da kyamara. WhatsApp ya kai su kotu a 2019 kan mutum kusan 1,400, a 2021 kuma jerin lambobi kusan 50,000 ya fita, da 'yan jarida da masu fafutuka da 'yan siyasa a ciki. Shi ma wannan jerin, wani ne ya fitar da shi a ɓoye. Sashe na 702 na dokar FISA da PRISM ya tsaya a kansa kuma, majalisar Amurka ta sake sabunta shi a Afrilun 2024.

Na ga ana min alamar lokaci. Ɗan uwa na can baya da ya ɗaga hannu tun ɗazu, a miƙa masa makirfo, bismillah.