Farbo: Cutar da ke Kashe 'Yan Kwikwiyo Tana Kama Mutum ko Babban Kare?

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau maganar karnuka za mu yi, musamman wata cuta da likitocin dabbobi ke kira farbo. Duk wanda ya daɗe yana kiwon kare ya san ta. Kwikwiyo ne da safe yana tsalle-tsallensa, kafin yamma ya ƙi abinci ya lafe a lungu, kashegari amai ya fara, sai gudawa mai jini da wani irin ɗoyi da ba ya ɓoyuwa. Daga nan hankalin mutanen gida ke tashi, kuma tambaya biyu ce ke fara zuwa bakin kowa. Yaran da suka wuni suna wasa da shi fa, za su ɗauka? Babban karen gidan kuma, shi ma zai kamu, ko cutar ta ƙanana ce kaɗai?

Bari mu fara ba ku amsar don hankali ya kwanta. Mutum ba ya kamuwa da farbon kare. Babban kare kuwa yana iya kamuwa. Sai dai wanda ya ji wannan ya kashe bidiyon ya tafi da rabin magana, domin mutumin nan da cutar ba ta kamawa, sau da yawa shi ne ke kai ta inda za ta yi kisa.

Farbo ba tsohuwar cuta ba ce. A shekarar 1978 aka fara gane ta, lokacin da karnuka suka shiga mutuwa da amai da gudawa a Amurka da Turai da Ostireliya, kuma cikin kamar shekara 2 ta zagaye duniya. Da masana suka duba sai suka ga 'yar uwa ce ta kusa ga wata ƙwayar cuta da ta daɗe tana kashe kyanwa, ɗan sauyi kaɗan ne ya ba ta damar shiga jikin kare. A Jami'ar Cornell da ke Amurka, Leland Carmichael da Max Appel suna cikin waɗanda suka fara ware ƙwayar, kuma a 1979 suka samar da rigakafinta. Ku riƙe shekarar 1978 ɗin nan, za mu buƙace ta idan mun zo kan manyan karnuka.

Ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, ko a cikin 'yan uwanta. Sai an jera kusan guda 40,000 kafin su cika milimita 1. Ta baki take shiga, idan kare ya lashi ko ya shinshini wurin da kashin mai cutar ya taɓa. Tana fara zama a maƙogwaro, ta bi jini, sannan ta nemi wuraren da ƙwayoyin halittar jiki ke rabuwa da sauri, domin ba ta iya hayayyafa sai a cikinsu. Irin waɗannan wurare biyu ne manya: bangon hanji da ɓargo. A hanji tana kashe ƙwayoyin da ke sabunta bangon, sai ya saɓule, ruwa da jini su riƙa tsiyaya, abinci ba ya shiga jiki. A ɓargo tana rage fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu yaƙi da cuta. Kun ga ta rushe katangar gida, ta kuma kori masu gadi, sai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji su kwarara cikin jini. Wannan, tare da ƙarewar ruwan jiki, shi ke kashe kwikwiyo, kuma yawancin mutuwar tana faruwa ne cikin awa 48 zuwa 72 da fara alamu. Ba cutar da ake cewa bari mu ga zuwa gobe ba ce.

To mu zo kan mutum. Sama da shekara 40 ke nan likitocin dabbobi da ma'aikatansu da masu kiwo suna ɗaukar karnuka masu farbo da hannunsu, suna goge amai, suna kwashe kashi, kuma ba a san farbon kare da sa wa ɗan Adam ciwo ba. Yaro ko babba, mai ciki ko tsoho, duk ɗaya ne. Wani zai ce, ai kun ce daga wata dabba ta tsallako zuwa kare, me zai hana ta tsallako zuwa gare mu? Tambaya ce mai ma'ana. Amma yawancin tsallaken da aka gani ta yi, tsakanin dabbobi masu cin nama ne, irin su kare da kyanwa da kerkeci da dila, waɗanda jikinsu ya fi kusa da juna. Ba a taɓa ganin ta kwantar da mutum ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne ɗan Adam ma yana da nasa farbon. Ana kiransa B19, kuma wata masaniya mai suna Yvonne Cossart ce ta gano shi a Landan a tsakiyar shekarun 1970, tana cikin gwajin jinin mutane. Dangi ɗaya suke da na kare, amma kowa da inda yake zama. B19 daga mutum zuwa mutum yake tafiya, ta tari da atishawa. A yara yakan zo da ɗan zazzaɓi, sai kumatu su yi ja kamar an mare su, manya kuma sukan yi ciwon gaɓoɓi. Ga mafi yawan mutane yana wucewa da kansa. Waɗanda yake yi wa illa su ne masu sikila, saboda yana tsayar da ƙera jajayen ƙwayoyin jini na ɗan lokaci har jininsu ya yi ƙasa sosai, sai mata masu juna biyu, saboda yana iya taɓa ɗan da ke ciki, da masu raunin garkuwar jiki. Idan likita ya ce wa wani yana da farbo, wannan yake nufi. Bai ɗauko a wurin kare ba, kuma ba zai sa wa karensa ba.

Duk da haka kada wani ya ce tunda ba ta kama mu sai a kwashe kashin da hannu tsirara. Kashin kare yana iya ɗauke da wasu abubuwan da ke kama mutum, kamar bakteriyar salmonela da kamfilobakta masu sa gudawa, da ƙwan tsutsar ciki. Kuma da ido kawai ba ka da tabbacin farbo ce, sai likita ya gwada kashin. A sa safar hannu, a wanke hannu da sabulu, a janye ƙananan yara daga wurin.

Ga kuma wani abu da ya kamata mu faɗa a wuce, tunda ana maganar cutar kare da ke kama mutum. Akwai ta, ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga cizo ko yaƙushin kare ne. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Wannan cuta ce dabam, ba ta da alaƙa da farbo, kada a haɗa su.

Yanzu ga inda mutum ke shiga labarin farbo, kuma a ganinmu nan ne ya fi muhimmanci. Ƙwayar tana da taurin rai na ban mamaki. Ba ta da lulluɓin kitse irin na ƙwayar korona, wanda sabulu ko sanitaiza ke narkarwa cikin sauƙi. Tana iya yin watanni a ƙasa, a wuri mai inuwa da damshi ma har shekara. Kare mai cutar kuma yana fitar da ita da yawan gaske a kashinsa, ɗan abin da ido ba ya gani ya isa ya kama wani. Ka je gidan abokinka da kwikwiyonsa ba shi da lafiya, ko ka taka wani wuri a hanya, ka dawo gida, kwikwiyonka ya zo yana shinshinar takalminka don murna. Shi ke nan. Shi ya sa za ka ji mai kare yana rantsuwa cewa kwikwiyonsa bai taɓa leƙa ƙofar gida ba amma ya kamu. Gaskiya ya faɗa. Takalmi, tufafi, hannu, tayar mota, kwanon abinci, igiyar wuya, duk suna ɗaukar ta.

Sai babban kare. A 1978 da cutar ta fara ɓulla, ba ta bar manya ba, ta kwantar da karnuka na kowace shekara, saboda a lokacin kusan babu karen da jikinsa ya taɓa sanin ta. Wannan ya nuna cewa ba girma ke kare kare ba, garkuwa ce. Abin da ya sa yau aka fi ganin ta a kwikwiyo mai mako 6 zuwa wata 6 shi ne yawancin manya sun riga sun samu garkuwa, ko ta allura ko ta haɗuwa da ƙwayar a baya su tsira. Babban karen da ba a taɓa yi wa allura ba, ko aka fara ba a ƙarasa ba, ko wata cuta ta raunana shi, yana iya kamuwa ya yi amai da gudawa mai jini, yana iya mutuwa ma. An kuma lura cewa wasu nau'o'in karnuka, kamar Rottweiler da Doberman, cutar ta fi yi musu tsanani.

Amma a mafi yawan lokuta babban kare ba ya nuna komai, ko ya yi ɗan zawo na kwana ɗaya ya miƙe. Nan ne haɗarin yake. Kana ganinsa garau, yana cin abincinsa, alhali ƙwayar na fita a kashinsa, ko tana manne a gashinsa da tafin ƙafarsa. Shi kansa kare mai cutar yana fara fitar da ita tun kafin alamu su bayyana, wanda yakan ɗauki kwana 3 zuwa 7, kuma yana ci gaba har kusan kwana 10 bayan ya warke. Saboda haka ranar da ka ga kwikwiyonka ya yi amai na farko, babban karenka ya riga ya haɗu da ita. A raba su duk da haka, kowa da kwanonsa da wurin kashinsa, kuma a gaya wa likita tarihin allurar babban, shi zai ce ko yana buƙatar ƙari.

Me ya sa kwikwiyo ke kamuwa ko bayan an yi masa allura ɗaya? Wannan yana sa mutane su ce allurar ba ta aiki, alhali ba haka ba ne. Kwikwiyo yana samun garkuwa daga uwarsa ta dakashi, wato nonon farko. Garkuwar nan tana kare shi na 'yan makonni, amma kuma tana kashe ƙarfin allurar idan aka yi ta da wuri. Sai a samu wani ɗan tsakani da garkuwar uwa ta yi rauni ba ta iya tare cutar, amma tana da sauran ƙarfin hana allura kamawa. Ba a san ranar da wannan zai wuce a jikin kowane kwikwiyo ba, shi ya sa ake maimaitawa: a fara a mako 6 zuwa 8, a riƙa ƙarawa duk bayan mako 2 zuwa 4, har ya kai aƙalla mako 16. Sai a ƙara ɗaya tsakanin wata 6 da shekara 1, daga nan kuma galibi duk bayan shekara 3. Kafin ya gama zagayen farko, kada a sauke shi a inda baƙin karnuka ke kashi.

Wanda ya riga ya kamu, a kai shi wurin likitan dabbobi nan take. Aikin da ake yi shi ne riƙe masa rai har jikinsa ya ci ƙarfin cutar: ƙarin ruwa, maganin tsayar da amai, maganin bakteriya don jinin da ya gurɓata, da ciyarwa a hankali. Idan aka bar shi ba magani, kusan 9 cikin 10 suna iya mutuwa. Da kulawa mai kyau da aka fara da wuri, lissafin yana juyawa, kusan 9 cikin 10 suna iya tsira. Wanda ya tsira yakan samu garkuwa mai daɗewa.

Masu kyanwa a gida ma su lura. Nau'in ƙwayar na farko na 1978 bai kama kyanwa ba, amma nau'o'in da suka biyo baya, waɗanda ake kira 2a da 2b, da 2c da aka fara ganowa a Italiya a shekarar 2000, suna iya kama ta. Ita ma tana da tata allurar.

Saura tsaftace gida. Yawancin magungunan goge ƙasa masu ƙamshi ba sa yi wa farbo komai. Bilic ne ke kashe ta, wato ruwan kulorin da ake wanke fararen kaya da shi, mudu 1 a cikin mudu 30 na ruwa. A fara kwashe kashi da amai a wanke wurin da sabulu, domin datti yana kashe ƙarfin bilic, sannan a zuba a bar shi ya yi minti 10 kafin a ɗauraye. Haka za a yi wa kwanuka da keji da ƙasan takalmi. Tsumma da shimfiɗar da suka ɓaci sosai, zubar da su ya fi. Siminti da tayil suna wankuwa, amma turɓaya da ciyawa ba sa wankuwa, sai dai rana da lokaci su rage ta. Don haka gidan da aka yi farbo, kada a yi gaggawar kawo sabon kwikwiyo don maye gurbin wanda ya mutu. A bari watanni su wuce, idan tsakar gidan ƙasa ce ma a ba shi shekara, kuma duk wanda za a kawo ya kasance ya gama allurarsa duka.