Autanmu zai zuba duk kuɗinsa a motar Jamus, raina ya ɓaci

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar ruwan da ke dukan gilashi, Manchesta ce, ba ta da wata sana'a sai wannan. Wallahi yau ban yi niyyar kunna kyamara ba. Na tashi daga aiki, na shigo mota, ina buɗe WhatsApp sai ga hotuna autanmu ya turo daga Kaduna. Baƙar mota ce 'yar Jamus, tsohon yayi, an wanke ta tas an shafa wa tayoyin mai suna sheƙi, shi kuma gogan ya jingina da ita ya ƙwama tabarau. A ƙasa ya rubuta, "Yaya, in sha Allahu ita ce, saura ka cika min." Na ce nawa aka yi mata kuɗi, ya faɗa. Na ce nawa ke hannunka, ya faɗa. Kuɗin motar ya lashe na hannunsa ƙaf, har yana jiran ciko daga wajena. Yaron da kwanan nan ya fito daga makarantar koyon tuƙi! In zai yi ribas a ƙofar gida sai almajirin layinmu ya tsaya masa yana "taho, taho, ya isa."

Na kira shi nan take. Na ce Auta, ranar da ka kawo ta gida, da me za ka zuba mata mai? Ya ce Allah zai kawo. Na ce haka ne, Allah ne mai kawowa, amma kai ma an ba ka lissafi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Motar da ya ɗauko min hotonta silinda shida gare ta. Gidanmu yana Rigasa, wurin aikinsa yana can wajen Barnawa. Ku da ke Kaduna ku yi masa lissafin zuwa da dawowa kullum, ga cunkoson safe, ga AC da na san ba zai kashe ba saboda a gan shi gilashi a rufe. Albashin zai ƙare kafin wata ya raba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a nan Ingila wannan maganar ba za ta ma taso ba. Ba wai yaran nan sun fi namu hankali ba ne, a'a, inshora ce ke yi musu tarbiyya. Kowace mota an sa ta a rukuni daga 1 zuwa 50, kuma kamfanin zai duba shekarunka, da unguwar da kake kwana, da tsawon lokacin da ka yi da lasisi. Sabon direba ya ce zai hau babbar motar Jamus, kuɗin da za a yanka masa kaɗai ya isa ya dawo da shi hayyacinsa. Wannan 'yar Yaris ɗin da kuke gani ina ciki, ga ta nan, bari in juya muku kyamara, kujerun yadi ne, rediyon ma na da ne, inshorarta a shekarar farko ta fi kuɗin da na saye ta. Kuma ba ka isa ka ce za ka lallaɓa ba tare da ita ba. Kyamarar kan titi tana karanta lamba, tarar fam 300 ce da makin laifi shida a kan lasisinka, sabon direba kuwa in ya tara maki shida cikin shekara biyun farko an karɓe lasisin ke nan, sai ya koma jarrabawa daga tushe. A gida inshorar dole ta naira 15,000 ce tun farkon 2023, da can ma 5,000 ce. To wa zai taka wa Auta birki? Sai ni.

Lasisin ma labari ne. Na Najeriya wata 12 kawai ake bari ka yi tuƙi da shi a nan, daga nan sai ka zauna jarrabawarsu, ta kwamfuta fam 23, ta kan titi fam 62, ban da kuɗin mai koyarwa wanda shi ne mai cin rai. Ni da na yi tuƙi a shataletalen Kaduna tun kafin a yi gadar Kawo ta yanzu, ni da na san yadda ake kutsawa tsakanin keke da tirela a hanyar Nnamdi Azikiwe, sai ga wata dattijuwa tana koya min duba madubi. Amma ba yabon kai ba, mai jarrabawar da kansa ya ce tuƙina a natse yake. Ɗan Kaduna ne fa.

To bari in faɗa muku abin da na faɗa wa Auta, don na san akwai irinsa da yawa masu kallona. Motar farko za ta sha wuya a hannunka, wannan ba mugun baki ba ne. Za ka goga ta a get, za ka hau kwalbati, ɗan acaba zai tafi da madubi, wata rana da damina za ka faɗa ramin da ruwa ya rufe. Saboda haka abin tambaya shi ne, in fitilar gaba ta fashe yau, a ina za ka samo wata kafin la'asar, kuma nawa? Je ka Panteka ko Ori Apata ka ce kana neman fitilar Corolla, kafin ka rufe baki yara uku sun ruga sun kawo maka, sabuwa da ta Beljiyam, ka zaɓa. Ka ambaci wannan ta Jamus ɗin, sai mai shago ya ce bari ya kira Legas. Motarka tana gareji rana tana dukanta, kai kana tsaye bakin titi kana tare keke da makullin mota a aljihu.

Shi ya sa Vibe ta cika Arewa, ba don kyau ba. Sunan Pontiac ne a jikinta, kamfanin ma an rufe shi tun 2010, amma a masana'anta ɗaya da Toyota aka haɗa ta a Kalifoniya, kuma injin 1.8 ɗin da ke cikin yawancinsu irin na Corolla ne. Duk bakaniken da ke Kurmin Mashi ya san cikinta. Tana da tsayi daga ƙasa, bayanta yana ɗaukar buhun masara. Corolla ta 2003 zuwa 2008 ma haka, Matrix haka. Na san sun yi tsada yanzu, har mutum ya ji kuɗin tsohuwar Corolla ya ce ai gara ya ƙara kaɗan ya hau babbar mota. Nan ne tarkon yake. Tsadar tata ita ce shaidar cewa ranar da ka gaji da ita akwai mai saye. Ita kuwa babbar, ka tambayi kanka me ya sa mai ita ya sake ta da araha haka.

Wannan maganar ta tuna min 504 ɗin Baba, Allah ya jiƙansa. Fara ce, haɗin Kakuri. Yaran yanzu ba su san cewa tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna ba, motar gwamnati ita ce, motar haya ita ce, motar kai amarya ita ce. Baba ba bakanike ba ne, malamin makaranta ne, amma ranar Asabar zai buɗe bonet ya ciro fulogi ya goge da kansa, ni ina riƙe masa faranti da sukurori a ciki. Mu tara take kwasa zuwa Zariya ranar sallah, a tsaya a Maraban Jos a sayi rake. Kai, ina kewar gida wallahi. Har ƙamshin ƙasar nan na ruwan farko nake ji a hancina, nan kuwa ruwa kullum amma ba ƙamshi. To ko 406 da 206 da ake gani yanzu, masu gyaransu suna nan birjik a Kaduna saboda wancan tarihin. Wanda kuɗinsa bai kai Toyota ba, ni ban hana shi duba 406 mai giyar hannu ba, in dai wayarin ɗinta ba a yi masa kaca-kaca ba.

Sai maganar dillalai. A nan in zan sayi mota, lambarta kawai nake sakawa a shafin gwamnati, kyauta, ya fito min da tarihin MOT, gwajin lafiyar mota da ake yi wa duk motar da ta wuce shekara uku, shekara bayan shekara, da nisan da ta yi, da abin da ya sa ta faɗi gwaji. A gida kuwa tarihin mota yana bakin dillali, kuma kullum tarihi ɗaya ne, wata Hajiya ce ke hawa, daga gida sai asibiti. Don Allah Hajiyoyin nan su nawa ne? Kada ka je ganin mota kai kaɗai, kada ka je da yamma, kada kuma ka yarda da bakaniken da dillali ya kawo. Ka ɗauki naka, ka biya shi kuɗin yininsa. Ka ce kana son ka same ta da sanyin safe ba a tayar da ita ba, ka ɗora hannu a kan bonet ka tabbatar, domin injin da ya ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. A tayar kana tsaye a baya kana kallon salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana shan baƙin mai ke nan. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, in ka ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne a ciki, akwai yiwuwar ruwa na haɗuwa da mai, ka yi sallama ka tafi. Kafin a tayar, a murɗa makulli rabi, fitilun gaban direba duka su kama, har da ta injin da ta jakar iska. Wadda ba ta kama ba, wataƙila cire ƙwan aka yi don kada ta tona asiri. Yadda kake buɗe bakin ragon layya ka duba haƙora ba ka tsaya kallon ƙaho ba, haka za ka yi mata.

Ka ɗaga kafet ɗin ƙasa ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujera ka ga ko ƙarafan sun yi tsatsa. Motoci da yawa da ake kawowa daga Amurka a gwanjo aka saye su, wasu haɗari suka yi, wasu ambaliya ta shanye su, a gyara fuska a turo mana. Lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ka ɗauke ta a waya, ka duba ta yi daidai da ta jikin takardu, in ta Amurka ce a bincika maka tarihinta a intanet, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Bakanikenka ya shiga ƙarƙashi ya duba ko indomin salansa, wato abin nan mai tace hayaƙi, yana nan, don ana yanke shi a sayar. Tayoyi kuma akwai alƙaluma huɗu a gefe, in ka ga 2319, sati na 23 ne na shekarar 2019, komai kyan zanen tayar ta tsufa, kuɗin taya huɗu na jiranka. Wanda kuma zai ce in turo masa mota daga nan, ku daina, sitiyarin Ingila a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, motar da aka juya wa sitiyari ni ba zan sa ɗan'uwana a ciki ba.

Takardun kwastan fa, ku ji tsoron Allah ku ji tsoron wannan. Tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, amma 'yan Kwatano ba su daina shigowa ba. Za ka yi shekara kana yawo cikin gari lafiya, ranar da ka ɗau hanyar Abuja ko Kano a tare ka, a ce ba a biya mata haraji ba. A je ofishin kwastan a tantance takardar kafin ka biya ko sisi, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin suna. Kuma ka sabunta takardunka a kan lokaci, 'yan KASTLEA da 'yan Road Safety ba ruwansu da cewa kai sabon hannu ne.

Na ce wa Auta ni zan cika masa, amma ba a kan waccan ba. Ya nemo ƙarama mai silinda huɗu wadda ba za ta wuce kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa har da cikona ba, ragowar a ajiye, domin ko wace iri ce sai an juye baƙin mai, an duba birki da ƙafafu, wataƙila da batir. Ya yi shiru, ya ce abokansa za su yi masa dariya. Na ce su yi. Akwai ma abin da bai hango ba, a gidanmu mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Ranar da ta shigo, Umma tana da biki a Tudun Wada, Anti tana da awo a asibiti, maƙwabci matarsa na naƙuda ƙarfe biyun dare, kuma babu wanda zai ce ga kuɗin mai. Abokan nan masu dariya su ne za su fara zuwa aro ranar ɗaurin aure, kuma ina gargaɗinku, sabon direba kada ya ba da aron mota, ka ce Yaya ya hana, ku ɗora min laifin na ɗauka.

Kai, ga mai duba fakin can ya shigo layin da na'urarsa, kuma tikitina ya ƙare tun ɗazu. Bari in tayar kafin ya manna min takarda a gilashi. 'Yan Kaduna, wanda ya san nawa ake sayar da Vibe mai lafiya a wannan watan ya gaya min, don in san ko yaron nan yana ƙara min kuɗi. Sai an jima.