Idan aka kafa 'yan sandan jiha, wa zai biya? Laccar da aka gabatar a Zariya

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla. Abubuwa uku zan taɓa: yadda muke yanzu, yadda Kanada ke raba kuɗin, sai abin da ya shafi Zariya.

Na farko ba sai na daɗe ba. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce a Najeriya. Albashinta kuma daga Abuja yake fitowa. Amma motar sintiri, mai, gyaran ofis, sau da yawa gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ke ɗauka, ba tare da doka ta yanka wa kowa kasonsa ba. Dattawan da ke nan sun san zamanin 'yan doka, lokacin da baitulmalin En'e ke biyansu.

To, Kanada. A can yawancin larduna hayar 'yan sandan tarayya suke yi, wato RCMP, bisa yarjejeniyar shekara 20 da aka sa wa hannu a 2012, za ta ƙare a 2032. Lardi yana biyan kashi 70 cikin 100, tarayya 30. Garin da ya ɗauki haya da kansa, in mutanensa ba su kai 15,000 ba, shi ma 70 zai biya. In sun kai 15,000, sai ya koma 90. Ku riƙe lambar nan, 15,000. Ku rubuta ta. Gari na zaune da mutum 14,900, a yi ƙidaya, a ga ya haura, shi ke nan kasonsa ya tashi daga 70 zuwa 90, alhali ko ɗan sanda ɗaya ba a ƙara masa ba. Haihuwar unguwa guda ta isa ta girgiza kasafin kuɗin gari! Su kuwa duk shekara biyar suke ƙidaya. Mu rabonmu da ita tun 2006.

Nan fa gizo ke saƙar. A ce da yawan jama'a za a raba kuɗin 'yan sanda tsakanin ƙaramar hukumar Zariya da ta Sabon Gari, da wane adadi? Ɗalibin jami'a da ke Samaru, a Sabon Gari za a ƙirga shi ko a garinsu? Ɗan kasuwar da ke kwana a cikin birni, ya wuni a kasuwar Sabon Gari, in aka fasa masa shago, 'yan sandan wane ɓangare suka yi aiki? Mahadar hanya ta Kwangila kuma, motocin Kano da Sakkwato da Kaduna duk nan suke ratsawa. Lardin Ontariyo na Kanada kuwa tun 2015 ya raba lissafin da yake aika wa garuruwa gida biyu: kuɗin tushe bisa yawan gidaje da wuraren kasuwanci, sai kuɗin kiran da aka amsa. Ni wannan na fi so, domin gida ba ya tafiya hutu, ana iya ƙirga shi.

Sai kuma albashi. A 2021 aka yi wa RCMP ƙarin albashi da ya koma baya har 2017, garuruwa suka wayi gari da bashin da ba su zauna teburin yanke shi ba.

Na'am Hajiya, ga lasifika nan.

(Tambaya: Malam, ba za a riƙa yanke kason ƙaramar hukuma daga asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ba kawai?)

Allah ya saka da alheri, Hajiya, wannan ita ce damuwata. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka jiha ta aiko da takardar lissafi: jami'ai nawa aka turo, albashi nawa, mai lita nawa, gyaran mota nawa. Kansiloli su duba, su amince a kasafin shekara, sannan ma'aji ya biya. In an yi alkawarin jami'ai 50 aka turo 35, kuɗin 35 za a biya.