Hoton ƙwaƙwalwa da mantuwar tsofaffinmu

Salamu alaikum Katsinawan Dikko, ku yi haƙuri da ƙarar iska, Ingila ce, sanyi ba sauƙi. Wata Hajiya daga Ƙofar Ƙaura ta turo mani saƙo wai babanta ya fara mance ko ya ci abinci, tambaya guda sai ya yi ta maimaitawa, shin hoton kai zai nuna matsalar? To Hajiya ki saurara.

In an sa mutum cikin MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, likita na duba wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa can ciki daidai saitin kunne, hifokamfos sunanshi, shi ke kama sabon abu ya adana. Kowa ya manyanta nashi na ɗan motsewa, wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara, amma na mai cutar Alzheimer, wato wata cutar ƙwaƙwalwa mai kawo ruɗewar tsufa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, shi ya sa tsoho zai zayyano maki hawan sallar zamanin Sarki Usman Nagogo tsaf amma wanda ya gaishe shi da safe ya ɓace mashi.

Akwai kuma wani irin hoton da ake kira PET mai nuna wani furotin, amiloyid, da kan fara taruwa cikin ƙwaƙwalwar mai Alzheimer shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alama. Tsada gare shi, kuma ana samun tsofaffi da yawa masu shi hankalinsu garau, don haka hoto kaɗai bai yanke hukunci.

Ni wanda ya fi damuna fararen ɗigo-ɗigon nan ne da ke fitowa a MRI, ƙananan jijiyoyin jini ne suka lalace, galibi hawan jini da suga ke jawowa, mu kuma kun san mu, gishiri da magi cikin miya ba awo, maganin hawan jini kuwa sai kai ya sara a haɗiya, kwana biyu a aje. A hankali hawan jinin yake ɓarna ba a ji. Kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet a 2024 ya ce kusan kashi 45 cikin 100 na ruɗewar tsufa na da nasaba da abubuwan da ake iya magancewa, har da hawan jini da raunin ji.

Don haka Hajiya kafin a ce sammu ne, ko a kashe kuɗin hoto, a kai Baba asibiti a auna jininshi da suga, a duba bitamin B12 da sinadarin tayirod, wanda wani ƙullutu da ke wuya ke fitarwa, don ƙarancinsu ma na kawo mantuwa kuma yana jin magani. Ku tafi da duk ƙwayoyin da yake sha cikin leda likita ya gani.