Ajin Littafi Mai Tsarki Ba Na Mata da Yara Kaɗai Ba Ne

(Laccar da wani dattijon ikilisiya ya gabatar a taron zumuntar maza a Katsina, kamar yadda aka kwafo daga faifai.)

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Fasto, na gode da wannan dama.

Ranar Lahadi majami'a cika take yi har a jera benci a waje. Ranar nazari kuwa, in ka leƙo, Zumuntar Mata ce da 'yan ajin baftisma, sai tsofaffi biyu ko uku a gefe. Maza ina kuke? Shi ya sa na ce yau da mu zan yi.

Wani zai ce ai yana jin wa'azi kowane mako. Madalla. Amma ka taɓa ɗaga hannu ana tsakar wa'azi ka ce, "Fasto, dakata, ban gane ba"? Ba a yi. A aji ne ake yin haka. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 8. Mutumin Habasha babban ma'aikaci ne, ma'ajin sarauniya, ya iya karatu, ga littafin annabi Ishaya a hannunsa. Da Filibus ya tambaye shi ko yana fahimtar abin da yake karantawa, bai ji kunya ba, ya ce yaya zai fahimta in ba wani ya bayyana masa ba. Ya kuma ce Filibus ya hau karusar su zauna tare. Mu kuwa girman kai ke hana mu zama benci ɗaya da yaran da muka haifa. A Nehemiya sura 8 ma, Ezra ya karanta Attaura tun asuba har tsakar rana, amma sai da Lawiyawa suka bi jama'a suna bayyana ma'ana.

To, sai maganar zuwa yau, a ƙi zuwa gobe. Nan ne na fi so mu daɗe. Littattafai 66 ne a hannunmu, kuma malami bi yake yi sura bayan sura. A ce ana karatun Romawa. Ka zo ranar da ake sura 5, ka ji cewa inda zunubi ya yi yawa, alheri ya fi shi yawa. Ka tafi gida da murna. Mako na gaba aka yi baƙi, ba ka zo ba. Ranar nan ce aka shiga sura 6, inda Bulus da kansa ya tambaya ko sai mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru, ya amsa da a'a, ko kaɗan. Kai ka riga ka tafi da rabin magana, kana kuma faɗa wa iyalinka ita da ƙarfin gwiwa. Irin wannan ne in ya ci karo da mai wa'azin WhatsApp da ke cewa a turo kuɗi a karɓi albarka, ba shi da abin auna shi. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17, Bulus ne fa yake koya musu, amma kowace rana sai sun bincika Nassi su ga ko haka ne.

Kada mu manta yadda littafin nan ya zo mana. Sai a 1932 aka buga cikakkensa da Hausa, bayan shekarun da su Likita Mila, Baturen mishan na Zariya, suka yi suna fama da fassara. Kakanninmu da yawa da shi suka koyi karatun boko, wasu a Babbar Ruga inda suka je neman magani, suna bin harafi da ɗan yatsa a gaban fitilar aci-bal-bal. Yau yana cikin wayar kowa, an daina buɗewa.

Kuma a Katsina muke, garin Gobarau, garin Wali Ɗan Marina. Maƙwabtanmu Musulmi, ku duba su da kyau: ɗan kasuwa mai furfura zai rufe shago ya je zauren malam ya ɗauki darasi a littafi ɗaya shekara da shekaru. Idan irinsa ya tambaye ka, cikin mutunci, me ya sa Linjila huɗu ce, me za ka ce masa? "Bari in tambayi Fasto"?

Na san uzurin damina, na san na tsaro. 'Yan'uwanmu na ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari ba za a ce su fito da dare ba, wanda ya ce su fito bai san halin da ake ciki ba. Amma lokaci ake canzawa, ba a rufe ajin. A mayar da shi bayan sujadar Lahadi, kafin mutane su watse, ko da minti 40 ne. Malamai kuma, ku ma da laifinku: in kun mai da aji wa'azi na biyu, ba wanda zai dawo. Ku bar mutane su yi tambaya, ko da ta ba ku wuya.

Sakatare na bakin ƙofa da takarda. Duk mai son ajin bayan sujada ya rubuta sunansa kafin ya fita, Fasto zai sanar da littafin da za a fara da shi.