Kan mutum a teku bai fi ƙwarya ba

Assalamu alaikum. Na baya can, kuna ji na? To, madalla.

Abu uku zan faɗa a kan na'urar da mai nutso yake ratayawa don a gano inda yake. Amma bari in fara da abin da ke cin raina. Mutane sun ɗauka hatsarin nutso duk a ƙarƙashin ruwa yake. Ni wanda ya fi ba ni tsoro a sama yake. Ka gama aikinka lafiya, ka taso, ashe ruwa ya ja ka nesa. Kana hangen jirgi, jirgi ba ya ganinka. Ku je gadar Kogin Kaduna a watan Agusta, ku jefa ƙwarya, ku ga minti nawa za ku iya bin ta da ido. To, kan mutum a teku bai fi ƙwaryar nan ba. Wallahi bai fi ta ba! Ga igiyar ruwa tana ɗaga ka tana sauke ka, ga ƙarar inji ta danne ihunka.

A 1998, a Ostireliya, jirgi ya tafi ya bar wasu Amurkawa masu nutso a teku, mata da miji, Tom da Eileen Lonergan. Sai bayan kwana biyu aka lura babu su, kuma ba a same su ba. Kwana biyu, jama'a!

Ga na'urar, ku miƙa ta baya, amma a dawo mini da ita, ba tsaraba ba ce. Idan ka ɗaga eriya ka danna, tana aika kira a kan mita megahaz 406 zuwa taurarin ɗan'adam na Cospas-Sarsat, tsarin da Amurka, Kanada, Faransa da Tarayyar Sobiyet suka kafa, wanda ya fara ceton rai a 1982. Batirinta yakan yi aƙalla awa 24 yana kira. Sai dai ba ta magana a ƙarƙashin ruwa, a cikin gwangwani mai murfi ake nutsawa da ita. Kun tuna Harrison Okene, kukun jirgin da ya kife a gaɓar tekunmu a 2013? Kusan awa 60 ya yi a zurfin mita 30. Ba kiran na'ura ba ne ya gano shi, masu nutso ne suka lalubo shi da hannu.

Na uku... ko na biyu muke? Rajista. Ku yi mata rajista da sunanku. Akwai kuma wata na'urar mai AIS, wato tsarin da jiragen ruwa ke gane inda juna suke, ita jiragen da ke kusa take kira.

Na'am, Hajiya?

"Malam, masuntanmu da masu kwalekwale fa?"

Allah ya yi miki albarka. Mai AIS ba za ta amfane su ba, don kwalekwalen kogi ba su da abin karɓar kiranta. Mai 406 kuwa sararin sama kawai take buƙata, ko a kogi ko a daji. Amma Hajiya, a kogi mintoci ne tsakanin rai da ajali. A fara saya musu rigar kariya da usur. Mai kwalekwale a cikinku ya ɗaga hannu in gani.