Ƙwannafi: ana iya gyara shi ta baki ba tare da an yanka ciki ba?

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau zancen ƙwannafi za mu yi, irin wanda ya riga ya zama ciwo, kullum ƙirji na zafi, mutum ya kwanta da dare sai ya ji ruwa mai tsami ya taso masa har maƙogwaro.

A ƙarshen bututun da abinci ke bi zuwa ciki akwai wata tsoka kamar bakin jaka mai zuge, abinci na wucewa sai ta tsuke. In ta saki, shikenan asid, wato ruwan tsamin nan na ciki, ya samu hanyar dawowa sama. Magungunan ƙwannafi irin su omeprazole ɗin nan rage asid kawai suke yi, tsokar tana nan a sake yadda take.

Toh shi ne likitoci suka ce me zai hana a zura tiyo mai kyamara ta baki a dasa wani abu da zai matse wurin. A 2003 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Enteryx, wani ruwa ne da ake yi wa tsokar allurarsa ya daskare a ciki, abin gwanin daɗin ji, amma a 2005 aka janye shi daga kasuwa saboda wani lokacin allurar kan huda bututun ruwan ya tafi inda ba a aike shi ba, kuma in ya daskare fa ba ya ciruwa.

Wanda ake yi yanzu sunansa TIF, da na'urar EsophyX. Ana yi wa mutum allurar barci, a shiga ta baki, a ninko saman ciki a naɗe shi a ƙarshen bututun, sannan a kafe da 'yan ƙananan maɗaurai na roba da za su zauna a nan. Babu tabo ko ɗaya, sai dai ciwon maƙogwaro na 'yan kwanaki da abinci mai ruwa-ruwa na wasu makonni.

Af, kar ku haɗa shi da LINX, zoben maganaɗisu da ake zagaye ƙarshen bututun da shi, wanda aka amince da shi a 2012, shi wannan sai an huda ciki ake saka shi.

Ni dai a ganina TIF ba na kowa ba ne. Wanda saman cikinsa ya turo cikin ƙirji fiye da santimita 2, wannan aikin shi kaɗai ba zai wadatar ba, kuma ko a cikin waɗanda aka yi wa akwai masu komawa shan magani bayan shekaru. Shi ya sa kafin a taɓa ka sai an leƙa da kyamara, an auna yawan asid ɗin da ke tasowa tukuna.